Inuwar Tsakar Rana a Mangarut

Daga Sarafiyon ɗan Asklas, a Iskandariya, zuwa ga Horiyon ɗan 'yar'uwarsa, a Mangarut ta ƙasar Hindu

Ɗana Horiyon,

Gaisuwa mai yawa daga kawunka, da roƙon Ubangiji ya tsare ka a tudu da ruwa. Mu nan lafiya muke. Innarka Tekla ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa ka san dama bai taɓa ciwo ba. Ni ma ƙalau, in ban da idon hagu da ya fara yana, in na dubi fitila sai in ga biyu. Likita ya ba ni wani kwalli mai yaji, ya ce in rage karatu. Na ce masa to, na raka shi ƙofa, na koma kan takarduna.

Kogin Nilu ya fara cika, jiragen tashar Kulzum ta bakin teku na shirin tashi, don haka a gurguje nake rubutu. Tasfa ne zai kawo maka takardar nan, Bahabashen nan mai jirgi da ya kai ka bara, kuma shi zai dawo mini da kai in iska ta juya. Na riga na ja masa kunne.

Na san yanzu ka gama aikin da na sa ka. Ranar da ta fi kowace tsawo a shekara na hau saman soro kamar yadda na saba, na kafa sandata a kan allo, na jira tsakar rana. Ina tsugune ina cewa a raina, yaron nan tun ɗazu ya gama tasa, tunda rana takan riga isowa wurinku. Shekara da shekaru ina rubuta littafin nan na kwatancin ƙasashen duniya, kuma inda ya fi ba ni wuya gabas ne. Matuƙan jirgi ka san su. Wanda ya sha giya ya ce maka tafiyar wata ɗaya ce, wanda bai sha ba ya ce biyu, wani kuma ya rantse ya ga mutane masu kan kare. Amma in na san tsawon inuwar sanda a gari, da tsakar rana, a wannan rana ɗaya, to na san inda zan ajiye garin a zanena, ko duk matuƙan duniya sun taru sun yi mini gardama.

Shekaranjiya a wurin wanzami, Fibammon mai koyar da nahawu ya tare ni a gaban jama'a. Ya ce, "Sarafiyon, kai da ko kwalekwalen tafki ka hau sai ka yi amai, kai ne za ka gaya mana inda Hindu take? Gabas take da mu sak, kai kuma ka ja ta kudu kamar mai jan akuya." Na ce, "Kai fa da ka ɓace tsakanin gidan wanka da gidanka, har matarka ta sa aka yi cigiya?" Wanzami ya kusa yanke masa kunne don dariya. Na gaya musu ɗana na nan tafe da shaida.

Na bar wa inuwar fili a littafin, fari fat, yana jiranta. Saboda haka kada ka kuskura ka shigo mini gida ba tare da ita ba, in ba haka ba a bakin ƙofa za ka kwana, kai da kyanwa.

Innarka ta aiko maka da tulun kifi mai gishiri da busasshen ɓaure. Ta ce in rubuta kada ka auro mata wadda ba ta iya gasa gurasa ba. Na rubuta.

Kawunka Sarafiyon


Daga Horiyon, a Mangarut, zuwa ga kawunsa Sarafiyon

Kawu,

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, ina gaida Inna da duk wanda ya tambaye ni a unguwa. Na yi zazzaɓi da damina, amma na mayar da jikina, kada Inna ta tashi hankalinta. Batun idonka, don Allah ka ji maganar likita ko da rabi ne.

Kawu, babu inuwa.

A gida, a wannan lokaci, ko gajimare kamar tafin hannu ba a gani a sama, shi ya sa ni da kai ba wanda ya kawo komai a ransa. Nan kuwa daidai lokacin ne sama ke ɓallewa. Ba irin ruwanmu na hunturu ba ne da zai jiƙa titi ya wuce. Wannan wuni yake yi, ya kwana, ya sake wuni. Takalmina ya yi funfuna, takarduna suka manne da juna. Ranar da ka ce, na kafa sanda a farfajiyar Yazdad, Bafarishen da nake zaune a gidansa, na daidaita allo kamar yadda ka koya mini, na zauna.

Yazdad ya leƙo daga rumfa ya ce, "Kai Barume, me kake jira a cikin ruwa?" Na ce rana. Ya ce, "Ayya, ta yi tafiya, sai bayan wata uku. In akwai saƙo ka bar mini." Matan da ke bakacen masoro a rumfar suka kwashe da dariya, tun ran nan suka sa mini suna Mai Gadin Sanda. Har a coci haka ake kirana yanzu.

Da Tasfa ya iso na ɗaure kayana, na ce zan zo in durƙusa in ba ka haƙuri. Har an ɗora akwatina a jirgi. Sai na zauna a kan buhu na sake karanta wasiƙarka, na iso inda ka ce ka bar fili a littafi, ka kuma gaya wa mutane ina tafe da shaida. Na san kana da barkwanci. Amma na tuna ina ɗan ƙarami ka ɗauko ni daga gidan makoki, ka ciyar da ni, ka koya mini rubutu, ba ka taɓa roƙona komai ba sai wannan abu ɗaya. Ba zan iya tsayawa ina kallo Fibammon na yi maka dariya saboda ni ba. Na sa aka sauke akwatin. Tasfa ya zage ni da duk harshen da ya iya.

Zan ci gaba da aikin sayen masoro har baɗi. Ba zan ɓoye maka ba, ina kewar gida ƙwarai. Na gaji da shinkafa, na gaji da man kwakwa. Tulun kifin Inna ba na buɗe shi sai ranar Lahadi, in ɗauki ɗan guntu, in daɗe ina shinshina murfin. Gobe jiragen za su tashi, na riga na yanke ba zan je bakin ruwa ba.

Baɗi zan shigo maka da inuwarka a hannu.

Ɗanka Horiyon


Daga Sarafiyon, a Iskandariya, zuwa ga Horiyon

Ɗana Horiyon,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Innarka ta yi kuka da ta ga Tasfa shi kaɗai, daga baya ta huce a kaina. Ido yana nan yadda yake. Za ka ga hannun da ke takardar nan ba nawa ba ne. Difilos ne ke rubutawa, mai kwafar littattafan nan na bayan coci, ka san shi. Shi ke taya ni aiki yanzu kowace safiya, kuma rubutunsa ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

Maganar kwana a bakin ƙofa wasa ne, ban zaci mai hankali zai ɗauke ta da gaske ba. Gida gidanka ne. Ka girma, ba zan ce maka zauna ko taho ba, ka duba abin da ya fi maka.

Batun ruwan sama, na koma na duba littattafan magabata, ashe sun ambata, ni ne na ɗauka irin namu ne. To ga abin da ya kamata ka sani. Ba dole sai ranar ita kanta ba. Kwana kaɗan kafinta ko bayanta inuwa ba ta sakewa yadda ido zai gane, duk ranar da gari ya washe sai a auna. A zana da'ira kewaye da sandar, a sa alama inda kan inuwa ya taɓa ta da hantsi, da inda ya taɓa ta da yamma, tsakaninsu ita ce tsakar rana ta gaskiya, kada ka dogara da kukan cikinka. A rataya dutse da zare a gefen sandar don a tabbata a miƙe take. Sannan ina zaton a can inuwar kudu za ta faɗi, ba arewa ba kamar tamu. In haka ne, abin da na daɗe ina faɗa ana yi mini kallon mahaukaci ya tabbata.

Kuma in gaɓar teku ce ke tara hadari, wataƙila bayan duwatsu akwai sarari. Mutum in ya yi gabas sak, bai karkata kudu ko arewa ba, inuwarsa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Wannan don saninka kawai na faɗa.

Fibammon ya yi tambaya, na ce masa hanya ce da nisa. Innarka ta ƙi aiko da kifi bana, ta ce mai son kifi ya zo ya ci a gida.

Kawunka Sarafiyon


Daga Horiyon, a Mangarut, zuwa ga kawunsa

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna. Lafiyata ƙalau. Na ji daɗi da ka ce ido yana nan yadda yake.

Na karɓi takardar da Difilos ya rubuta. Gaskiya ne, rubutunsa na da kyau. Na juya ta gaba da baya ina neman ko layi ɗaya da hannunka, ko sunanka kawai a ƙasa, da karkataccen rubutun nan naka da Inna ke cewa kamar kaza ta bi ta kan takarda. Ban samu ba. Ashe har na kai matsayin waɗanda ake sa wani ya rubuta musu, irin mai sayar maka da tawada.

Bana ma ba a samu ba. Na zauna kafin ranar, na zauna bayanta, tun ban ji shawararka ba. Sau ɗaya gari ya yi kamar zai washe, na fito da gudu, santsi ya kwashe ni, kafin in tashi ya sake rufewa. Yazdad ya daina yi mini dariya, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. Ran nan ya zaunar da ni ya ce, "Ɗan'uwa, wannan kawun naka duk abin da ka kai masa ai karɓa zai yi. Wa zai zo ya duba? Ka ce rabin taƙi, ka tafi gida." Na ce ba ka san shi ba. Ya ce, "To shi ya san ka?"

Na karanta wasiƙarka har na haddace. Maganar dawowata ba ta cika tafin hannu ba, ka ce in duba abin da ya fi mini. Maganar inuwa ta cinye sauran takardar. Na gane. Tun ina yaro na san in kana son abu ba ka cewa kana so, sai ka ce don sanina kawai ka faɗa. Na tambaya, an ce bayan duwatsu akwai tudu inda ruwa bai kai na nan ba. Fatake masu kai gishiri a kan shanu za su tashi kafin damina, zan bi su, in yi gabas sak.

Ina fushi, Kawu, ban taɓa gaya maka haka ba. Amma fushin bai rage mini komai ba. Jiya wani jirgi ya sauke tulunan man zaitun, ɗaya ya fashe a bakin ruwa, ƙanshin ya bugo ni, sai na ga ɗakinka, da taga, da kai a sunkuye kana cewa in matsa na tare maka haske. Na tsaya a wurin kamar wawa har 'yan dako suka ture ni. Ina so in dawo gida. Ina so in shigo ka ɗago kai ka dube ni ka ce na yi daidai, shi ke nan abin da nake so.

A ce wa Inna na ji saƙon kifi. Tana da gaskiya.

Horiyon


Daga Tekla, matar Sarafiyon, zuwa ga Horiyon, ta hannun marubucin kasuwar kifi

Horiyon,

Ni ce innarka. Ina gaishe ka, ina lafiya, ƙafa ta dawo da ciwonta, ba shi ya kawo ni ba. Kawunka bai san na zo nan ba, na ce masa albasa zan sayo. Na gaya wa mai rubutun nan ya sa magana yadda ta fito daga bakina, in ya gyara mini ita zan sani, don zan kai wa wani ya karanta mini.

Kai wawa ne, kawunka ma wawa ne, ni ce Allah ya haɗa da ku biyu.

Kana can kana kumbura wai bai rubuta maka da hannunsa ba. Da wane ido zai rubuta? Na hagu ya mutu tun kafin wasiƙarka ta farko ta iso. Na dama saura kaɗan. Likita ya ce ba irin yanar da ake turewa da allura ba ce. Ya ce in an yi sa'a zai kai cikar Nilu ta baɗi yana rarrabe fuska, in mutum ya matso kusa kuma akwai haske. Bayan nan sai abin da Allah ya yi.

Ranar da ya yi maka waccan wasiƙa ina zaune ina tsince wake. Ya buɗe baki zai ce ka dawo, sai ya juya wajen Difilos, kunya ta kama shi, ya shiga zancen da'ira da zare. Da baƙon ya tafi na ce, "Tsoho, me ya hana ka gaya wa yaron nan gaskiya?" Ya ce, "In na gaya masa zai bar abin da yake yi ya zo ya zama ɗan jagora. Ban raine shi don ya ja mini sanda ba." Na ce, "To don me ka raine shi, don ya yi gadin wata sandar a Hindu?"

Wasiƙarka ta biyu kuwa bai bari Difilos ya taɓa ta ba. Ya kai ta taga, ya manna hancinsa a takarda, yana bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya tun hantsi har rana ta juya. Da ya kai inda ka ce kana fushi ya ajiye, ya ce, "Yaron ya iya rubutu." Ran nan bai ci abinci ba. Yanzu duk wanda aka ce ya sauko daga Kulzum, ko mai sayar da igiya ne, sai ya sa na kai shi wurinsa. Ba ya tambayar tsibiri ko kogi kamar da, sai dai, "Ka ga wani dogon saurayi a can, mai ɗan tabo a gira? Ya rame?"

Littafin nan ya ci mana man fitila, ya ci mana ido, ba zai ci mini ɗa ba.

Ka ji ni da kyau. In takardar nan ta same ka da inuwa, ka taho. In ta same ka babu inuwa, ka taho. In ta same ka kana tsakiyar aunawa, ka bar sandar a tsaye ka taho. Yana so ya gan ka, gani na ido, kuma lokaci ya kusa ƙurewa. Ni ma ina so in gan ka, amma ni idona garau, zan iya jira in zage ka a tsanake.

Ana raɗe-raɗin yaƙi tsakanin Habasha da ƙasar Himyar da ke tsallaken tekunsu, Tasfa ya ce bai san ko za a bar jirage su wuce ba. Na ce masa in bai kai maka wannan ba kada ya sake cin gurasata.

Innarka


Daga Horiyon, a Adulis ta ƙasar Habasha

Kawu, Inna,

Ina gaishe ku, ina lafiya, ina Adulis, rabin hanya. Ku yi haƙuri da rubutun.

Bana ko jirgi ɗaya bai zo Mangarut daga wajenmu ba. Na yi ta zuwa bakin ruwa har na ce ko kun yafe ni ne. Da iska ta juya na shiga jirgin wasu mutanen Hindu masu kawo auduga nan. Ina sauka na tarar da Tasfa a zaune a kan tarin igiya, ba jirgi, sarkinsu ya karɓe jiragen duka don kai mayaƙa Himyar. Sai da ya ƙura mini ido kafin ya gane ni. Ya miƙe ya ce, "Kai! Wata da watanni ina yawo da zagin innarka a ƙirji." Ya ciro takardar daga cikin rigarsa, duk ta yi laushi da gumi. A nan tsaye na karanta ta. Kawu, me ya sa? Da ka ce mini uffan, da ko iyo ne na yi.

Abin da na rubuta maka cikin fushi, ka sa Inna ta jefa shi a murhu.

Bari in gaya maka, don na san kana so ka ji ko ba ka tambaya ba. Na samu. Mun hau duwatsu da shanun gishiri. Bayansu ƙasa ce ja, mai iska, gajimare na wucewa amma ba ya zama. Na kafa sanda a masussukar wani ƙauye, na yi da'ira, na rataya zare. Mutanen suka kewaye ni suna zaton ruwa nake roƙo. Da rana ta take tsaka gari ya buɗe tar, inuwa ta fito baƙa ƙirin, gajeriya, ta kwanta kudu. Kudu, Kawu, kamar yadda ka ce. Na yi ta ihu da sunanka har wata tsohuwa ta kawo mini nono a ƙoƙo, tana zaton aljanu ne suka buge ni. Na ɗauki wuƙa na tsaga alamar a jikin allon. Ba zan rubuta maka tsawonta a nan ba. Allon yana cikin akwatina, ni zan ɗora maka shi a cinya a bakin taga, ka gani da kanka.

An ce da zarar mayaƙa sun gama ƙetarewa za a saki jiragen 'yan kasuwa. Kullum ana cewa mako mai zuwa. Na nemi hanyar tudu, aka ce ta fi ta ruwa daɗewa. Wani ɗan saƙon coci zai tashi gobe a ƙaramin jirgin sarki, na roƙe shi ya ɗauke ni har da kuka, ya ce ba wuri sai na takarda.

Kawu, ka riƙe mini ɗan hasken da ya rage. Kada ka yi karatu, kada ka hau soro, kada ka dubi fitila. Ka rufe shi da ƙyalle in ta kama, ka ajiye mini shi yadda Inna ke ɓoye zuma. Likita ya ce cikar Nilu, ni kuwa kafin nan na iso ko ta halin ƙaƙa. Na sake ƙwarai, kuma ina so ka ga abin da na zama.

Ɗanku Horiyon


Daga Sarafiyon zuwa ga Horiyon, a ajiye a Kulzum wurin mai masaukin bakin ruwa har ya sauka

Ɗana,

Barka da sauka, sannu da hanya. Innarka lafiya, tun da ɗan saƙon coci ya zo take wanke ɗakinka, ta wanke ta sake wankewa. Ni ma jikina lafiya, ina cin abinci.

Wannan hannuna ne. Innarka ta ɗaure mini zare a kan allo layi-layi, ina bi da yatsa, ita tana tsoma mini alƙalami, tana tsawata mini in na hau kan abin da na riga na rubuta. Ba ta iya karatu ba, amma ta iya faɗa. In ka ga wata kalma ta hau wata, ka raba su.

Na so in bari sai ka zo, ta ce in na sake ɓoye maka wani abu za ta koma gidan ƙaninta. Kuma gara ka ji a Kulzum, ka yi kukanka a kan raƙumi, ka iso mana da busasshiyar fuska. Hasken ya tafi, ɗana. Cikin azumin coci ne, tun kafin wasiƙarka ta iso. Na tashi da safe na tambayi Tekla me ya sa ba ta buɗe taga ba, ashe a buɗe take. Kada ka ce da an yi kaza da bai tafi ba. Na riƙe shi iya ƙarfina tun ba ka roƙa ba, na daina duban komai, na ce fuska ɗaya nake tattalinsa dominta. Bai jira ba.

Kudu! Na yi ta sa Difilos yana maimaita mini wurin. Na sa aka kai ni wurin wanzami takanas, aka ce ai Fibammon ya rasu tun hunturu. Ka ga, ko wanda zan yi wa gori babu. Na zauna aka yi mini askin da ba na bukata, na dawo gida. Ka kyauta da ka tsaga alamar da wuƙa, yatsa zai iya bin ta. Filin nan na littafi kai za ka cike shi da hannunka, ka sa sunanka, ka kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa a ƙasar Hindu ruwa ake yi lokacin da mu muke ƙishi, don kada wani tsohon ya sake aiken ɗansa.

Ka ce kana so in ɗago kai in dube ka in ce ka yi daidai. Na farkon ya fi ƙarfina. Na biyun kuwa ga shi tun yanzu: ka yi daidai, kuma da ka dawo tun shekarar farko hannu wofi, haka ɗin zan ce. Na yi kewarka kowace rana. Ga shi na faɗa, da baki da alƙalami, ba kowa a ɗakin sai innarka, ita kuwa kuka take tana ɗiga mini tawada a hannu.

Kada ka tsaya sayen tsaraba. Kada ka shiga wurin aski a hanya, ka zo mini yadda teku ta bar ka. Wanda nake gani a cikin kaina har yanzu saurayin nan ne da ya juyo a kan jirgin kogi yana ɗaga mana hannu, ko gemu bai yi ba, na san kuwa ba shi ne zai shigo ba. In ka iso ka durƙusa kusa da ni, ka ba ni fuskarka, ka yi haƙuri da ni don zan daɗe. Kada ka gaya mini abin da ya sake. Ka bari in gano da kaina.

Kawunka